Muhawara a zauren Hausawan gabashin Sudan kan matsayin ma'aikatan lafiya na unguwa

Hajiya Rakiya, Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman izinin manya in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ungozoma ce, wadda ake kira daya a nan, kuma na shekara da yawa ina bin gidajen unguwarmu ina duba masu ciki da jarirai. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan da jama'a suka kwararo mana daga Wad Madani a Disambar wannan shekarar, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024, aikin ya sauya kama baki ɗaya. Yanzu mafi yawan waɗanda nake hidima da su mutane ne masu larura biyu ko uku a jiki ɗaya, ga rashin muhalli, ga rashin abin sawa a baki.

Akwai wata tsohuwa da ke zaune a ajin wata makaranta kusa da mu. Tana da ciwon sukari da hawan jini, ga gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, kuma ita ce ke riƙon jikanta mai farfaɗiya, domin uwarsa ta rasu a hanya. Katinta na inshorar lafiya ya ɓace a wajen gudu. A mako guda nakan je wajenta sau uku ko huɗu: in wanke gyambon, in duba ko allurarta ta insulin tana cikin randa inda ke da sanyi, in ƙirga ƙwayoyin yaron in ga ko ya tsallake, in raka ta ofis neman sabon kati, in kuma roƙi masu dafa abincin takiyya, wato wurin girkin sadaka na unguwa, su riƙa ware mata abin da ba zai tayar mata da sukari ba. Babu wanda ya ɗora mini wannan aiki a rubuce, babu kuma wanda ke tambayata yadda ya kasance. Amma idan aka zo rigakafin shan inna, ko rabon gidan sauro, ko yaƙi da kwalara kamar wadda aka sanar da ɓarkewarta a Agustan 2024, nan take za a kira mu, a ba mu riga da hula da alawus na kwanakin aikin, ana gamawa a sallame mu. Abin da nake so masana su faɗa mini shi ne, a wane shafi na takardun gwamnati aka rubuta hidimar da nake yi wa wannan tsohuwa?

Malam Usman, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, 'yata. Sai dai ina jin tsoron inda maganar za ta kai mu. Iyayenmu da suka kafa wannan gari a bakin kogi bayan yaƙin Burmi da Turawa ba su jira hukuma ta biya su ba kafin su duba maƙwabci, kuma abin da mu muke kira gayya, 'yan'uwanmu Larabawa suke kira nafir, shi ne ya riƙe jama'a a wannan yaƙi lokacin da ofisoshi suka rufe. Na ga yadda kuɗi ke ɓata aikin lada. Ranar da aka ce akwai albashi, waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin majinyaci ba su ne za su cika jerin sunaye, ke kuma da kika sha wahalar a ture ki gefe.

Hajiya Rakiya, Gadarif:
Allah ya gafarta Malam, maganarku gaskiya ce, kuma ba don kuɗi na fara ba. Amma gayya ta yini ɗaya ce, a yi noma a ci tuwo a watse. Ciwon sukari ba ya watsewa. A bara lokacin yankan riɗi, biyu daga cikin matan da muke aikin tare suka tafi gona neman na cefane, kuma ban ga laifinsu ba, amma majinyatansu sun yi wata biyu ba mai leƙa su.

Malama Zainab, Damazin:
Baba Malam, ku ba ni dama in ɗan tsawaita, domin ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na taɓa kula da ayyukan irin su Yaya Rakiya. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. Tun a 1921 aka buɗe makarantar horar da ungozoma a Omdurman a ƙarƙashin wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff, inda aka riƙa ɗauko matan da ba su iya karatu ba, ana koya musu gane magani ta kamanninsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa, a ba kowacce akwatin kayan aiki ta koma garinsu. Wato fiye da shekara 100 ke nan da aka gane cewa matar da ta fito daga cikin jama'a tana shiga inda likita ba ya shiga. Abin da aka kasa daidaitawa har yau shi ne ɗaukar ta aiki na dindindin, shi ya sa ungozomomi da yawa suka rayu a kan abin da iyalan mai jego suka miƙa musu.

A 2018, shekara 40 bayan taron Alma Ata na 1978 wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko bisa wuyan gwamnatoci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan yadda ƙasashe za su tallafa wa ma'aikatan lafiya na cikin al'umma. Daga cikin abubuwan da ta ƙarfafa akwai a biya su gwargwadon nauyin aikin da sa'o'insa da horon da suka samu, a kuma ba wanda ake biya yarjejeniya a rubuce mai bayyana aikinsa da haƙƙoƙinsa. Ta kuma ba da shawarar a sa musu mai duba aiki da ke taimaka musu, a buɗe musu hanyar ƙarin karatu da ƙarin girma. Ba sai mun je nesa ba domin ganin misali. Duk wanda ya tsallaka Gallabat ya shiga Matama ya san cewa Habasha ta soma shirinta tun 2003, inda take ɗaukar 'yan matan da suka gama aji goma, ta horar da su shekara guda, ta tura biyu biyu zuwa ƙaramin ɗakin shan magani na kowace gunduma mai mutum kusan 5,000, kuma albashinsu daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Habasha ba ta fi mu arziki ba a lokacin da ta fara, mu ne ma muke da man fetur a wancan zamani.

Game da tsoron da kuka bayyana na masu cusa sunaye, maganinsa yana cikin yadda ake zaɓe. A Barazil sharaɗi ne ma'aikacin ya kasance mazaunin yankin da yake yi wa aiki, kuma tun 2002 doka ta amince da aikin a matsayin sana'a mai zaman kanta. Idan unguwa ce ta tsayar da mutum a gaban masallaci da idon kowa, da wuya ɗan wani babba da ke zaune a Fot Sudan ya karɓe gurbin.

Dakta Bashir, Kassala:
Ina goyon bayan a biya su, amma zan faɗi abin da ba a son ji. Mai larura da yawa shi ne mafi hatsarin majinyaci, domin maganin da ke gyara wannan ciwo yana iya tayar da wancan. An taɓa kawo mini wani dattijo mai hawan jini da ciwon ƙoda, wanda wani mai bin gidaje, da kyakkyawar niyya, ya yi ta yi masa allurar kashe zafi saboda ciwon gwiwa, har ƙodar ta kai ga sai an yi wanki. Wani kuma aka yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro har sau uku, alhali kala'azar ce ke cinsa, cutar da kowa ya san ta yi katutu a jihar Gadarif, wadda maganinta allurai ne na kwana 17 a ƙarƙashin idon asibiti. Haka ma ciwon nan na ƙafa da ake kira nabit, wanda aka kafa wa cibiyar bincike a Soba da ke Khartoum tun 1991: idan aka tsaya ana wanke shi a gida kamar gyambo na yau da kullum, ƙarshensa yanke ƙafa. Saboda haka duk takardar da za a rubuta, kafin a zo kan albashi, ina so a fara da iyaka: ga abin da ma'aikacin unguwa zai yi, ga abin da haramun ne ya taɓa, ga alamomin da in ya gani dole ya tura majinyaci a ranar.

Malama Zainab, Damazin:
Dakta, ba mu saɓa ba, sai dai ina so ka lura da tushen misalanka biyu. Wanda ya yi wa dattijon allura, da me yake ci? Mutumin da ba shi da albashi yakan mayar da jakarsa kantin magani, domin allura da ƙarin ruwa su ne abin da jama'a ke yarda su biya, nasiha kuwa kyauta ake karɓar ta. Ba za ka iya hana shi ba, tunda ba kai ka ɗauke shi ba, ba ka kuma da abin da za ka janye masa. Iyakar da kake nema ba ta da haƙori sai an haɗa ta da yarjejeniya da albashi da mai duba aiki. Shi ma mai duba aikin a tuna da shi. Na yi damina biyu ina da ma'aikata a ƙauyuka da ban iya kaiwa gare su ba, saboda baƙar ƙasar nan tamu in ta sha ruwa ko tarakta sai ta yi da gaske, kuma ba a ware ko kuɗin kiran waya ba balle na mai.

Idris, Fot Sudan:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni aikina lissafin kuɗi ne, don haka zan tsaya a kan tambayar da kowa ke kewayewa, wato daga ina kuɗin zai fito. Dalilin da ya sa Goggo Rakiya take samun alawus ranar rigakafi amma ba ta samun komai ranar wanke gyambo shi ne, kuɗin masu ba da tallafi yakan zo ne da sunan cuta guda guda: wannan na zazzaɓin cizon sauro, wannan na tarin fuka, wannan na tamowa. Kowane shiri da takardarsa da rahotonsa da ranar ƙarewarsa. Tsohuwar da ke da sukari da hawan jini da jika mai farfaɗiya ba ta cikin ko ɗaya, domin ba a tsara asusun da sunan mutum ko gida ba. Muddin gurbin ma'aikacin unguwa bai shiga babin albashi na kasafin kuɗin jiha ba, zai ci gaba da zama ɗan ƙwadago da ake ɗauka a ajiye.

Na san za a ce ana yaƙi, malaman makaranta ma sun yi watanni ba albashi, kuma gaskiya ne. Amma akwai ƙofa biyu da ba a ƙwanƙwasa sosai ba. Ta farko ita ce asusun inshorar lafiya na ƙasa, wanda a jiharku ta Sinnar, Baba Malam, aka fara aiwatar da shi a 1995. Asusun yana biyan kuɗin ganin likita da gwaji da kaso mafi yawa na magani. Idan yana biyan kwanciyar mai sukari da ƙafarsa ta ruɓe, me zai hana ya biya ziyarar gida da za ta hana ƙafar ruɓewa, wadda kuɗinta bai kai na kwana ɗaya a gado ba? Ko a Amurka, inda komai sai da rasit, shirin inshorar tsofaffi na gwamnati ya fara biyan irin wannan hidima daga Janairun 2024, wato taimaka wa majinyaci kan matsalar abinci ko muhalli ko sufuri da ke hana magani aiki. Ƙofa ta biyu ita ce Diwanin Zakka, wanda dama yana biya wa iyalai matalauta kuɗin shiga inshora.

Gargaɗi ɗaya zan yi. Kada a yarda a mayar da biyan ya zama na kai, wato kowane gida da aka shiga kaza. In aka yi haka, kowa zai ruga gidajen masu sauƙi ya tara lamba, a bar tsohuwar da ziyararta ɗaya ke cin rabin yini. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada biyan ya ta'allaƙa kacokan ko mafi yawansa a kan ƙirga sakamako.

Alhaji Sani, Jidda:
Ni ban san harkar asibiti ba, amma mu da ke Jidda da Makka muna da ƙungiya, kuma kowane wata muna aika abin da ya sawwaƙa. Idan Hajiya ta turo sunayen mata biyar, za mu iya ɗaukar nauyin alawus ɗinsu, a huta da jiran gwamnati.

Idris, Fot Sudan:
Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Shawarata ita ce ku sayi abin da kuɗinku zai iya riƙewa ba tare da ya zama alkawarin da zai karye ba: na'urar awon jini, na'urar awon sukari da tsinkayenta, safar hannu, bandeji, kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, na kai majinyaci. Albashi kuwa in kuka fara shi, ranar da iƙama, wato takardar izinin zama, ta mutum biyu daga cikinku ta samu matsala ya tsaya, kuma hukuma ta riga ta saba cewa akwai masu yi mata.

Alhaji Sani, Jidda:
Na ji, amma kafin hukuma ta farka matan nan za su ci abinci. Zan kai wa 'yan ƙungiya maganar duka biyu su zaɓa.

Malama Hauwa, Sinnar:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, mai jinya ce. Shekara uku ke nan ina riƙe da mahaifinmu da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ina so a ji ta bakinmu kafin a rubuta komai. Amfanin mai bin gida a wajenmu ya wuce magani. Mahaifinmu yana jin Larabci, amma tun da ciwon ya same shi harshensa ya koma Hausa zalla, kuma in aka kai shi asibiti sai ya yi ta gyaɗa kai alhali bai fahimci ko za a sha ƙwayar kafin abinci ko bayansa ba. Matar da ke zuwa mana ita ce ta zauna ta ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi daban. Ya kamata a rubuta jin harshen unguwa cikin sharuɗɗan ɗauka, ko Hausa ne ko Fulatanci ko harshen Beja a wajen su Dakta.

Akwai kuma abin da ke damuna, wato sirri. Ma'aikaciyar unguwa maƙwabciya ce, tana zuwa suna da biki tare da mu. Na san gidan da suka ɓoye mai tarin fuka har ya bar shan maganinsa na wata shida, saboda tsoron kada maganar ta fita ta hana 'yarsu aure. Haka masu taɓin hankali, waɗanda yaƙin nan ya ƙara yawansu. In za a ba su albashi, a haɗa da rantsuwar riƙe sirri da wurin da za mu kai ƙara idan aka saɓa. Sannan a ɗauki maza su ma, domin akwai wankan da ɗa namiji ne kawai mahaifinmu zai yarda ya yi masa.

Hajiya Rakiya, Gadarif:
Malama Hauwa, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu ma muna ɗauke da abin da ba mu da wanda za mu faɗa wa. Matan da suka zo daga jihar Jazira, inda Wad Madani take, sun ba ni labaran da har yau ba na iya barci sosai in na tuna, kuma ba a taɓa koya mini abin da zan ce wa macen da aka yi wa irin wannan ba. Na ji an ce a Zimbabwe an horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa. Ko horon mako biyu aka ba mu a kan haka, da ya rage mana nauyi.

Dakta, ina da ƙorafi a kan ɓangarenku. Kun ce in na ga alamar hatsari in tura majinyaci a ranar. Na tura tsohuwar nan wani asibiti da takarda a hannuna na rubuta awon sukarinta na kwana goma, wanda ya karɓa bai ko buɗe ba, ya ce ita daya me ta sani. Aka sauya mata magani, ba wanda ya sanar da ni, sai da na gan ta tana haɗa tsoho da sabo tana sha.

Dakta Bashir, Kassala:
Hajiya, wannan laifinmu ne, ba ni da abin karewa. Abin da ke gyara shi takarda ce mai ɓangare biyu da hatimin hukuma: ke ki cika na sama da dalilin turawa, likita ya cika na ƙasa da abin da ya gani da maganin da ya sauya da ranar dawowa, majinyaci ya dawo miki da shi. Ba ta buƙatar kwamfuta ko intanet, waɗanda dama ba su da tabbas yanzu. Amma ba za ta yi aiki ba sai an san ki a cibiyar lafiya da suna da lamba, an kuma wajabta wa likita cika nasa ɓangaren. Zan ƙara da cewa a riƙa zama sau ɗaya a wata tsakanin mataimakin likita na cibiya da ma'aikatan unguwarsa, a ɗauki majinyata masu wuya ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu ina kan bakana cewa allura ba ta cikin aikinku, in ban da koya wa mai sukari yadda zai yi wa kansa.

Malam Usman, Mai Wurno:
Na saurara, kuma 'yata Rakiya ta kayar da ni a kan gayya. Na kuma tuna cewa a cikin kaso takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba akwai masu aikin tattara ta, wato shari'a ba ta ga aibi ba a biya wanda ya ba da lokacinsa ga hidimar jama'a. Ko zakka za ta iya biyan ma'aikacin lafiya kai tsaye, wannan sai an tambayi malaman da suka fi ni, kada Idris ya rubuta shi kamar an gama. Sharaɗina yana nan: unguwa ce za ta zaɓa, kuma waɗanda suka yi aikin a lokacin da babu ko sisi su za a fara ɗauka, ko da ba su da takardar sakandare.

Malama Zainab, Damazin:
Baba Malam, a nan za mu ɗan saɓa. Mai bin masu larura da yawa dole ta iya karanta sunan magani da rubuta awo, in ba haka ba takardar Dakta ba ta da amfani. Abin da zan yarda da shi shi ne a haɗa tsohuwar hannu da yarinya mai karatu su yi aiki tare, a biya su duka, kafin a buɗe wa manyan ajin koyon karatu.

Malam Usman, Mai Wurno:
Matan Omdurman da kika ba mu labari da hanci suka koyi magani, amma na bar miki wannan, ke ce a cikin aikin.

Mai kula da zaure:
Idris zai tsara daftarin wasiƙa zuwa ma'aikatun lafiya na jihohin Gadarif da Kassala da Sinnar da kuma ofishin inshora, Dakta Bashir ya rubuta iyakokin aiki da samfurin takardar turawa, Malama Hauwa ta duba sashen sirri. A turo nan kafin Juma'a domin gyara. Batun takardar makaranta ba a daidaita ba, a bar shi a buɗe.

Hajiya Rakiya, Gadarif:
Na gode wa kowa. Idris, in ka zo rubutawa ka sa yawan gidajen da za a ɗora wa mutum ɗaya, domin gida ashirin irin na tsohuwar nan sun fi gida ɗari na masu lafiya nauyi. Alhaji Sani, in ƙungiya ta amince da sayen kaya, a fara da tsinkayen awon sukari, kuma a tambaye ni irin na'urar da ke hannuna kafin a saya, domin na wani kamfani ba ya shiga na wani. Guda shida suka rage mini, kuma gobe da safe zan yi amfani da ɗaya.